Lambar Auta

Ni na koya wa Baba wannan abu, kuma har gobe ban yafe wa kaina ba.

Baba mai gyaran agogo ne. Shekara arba'in yana zaune a shago ɗaya, wani ɗan lungu tsakanin mai ɗinkin labule da mai sayar da ƙwan fitila. A kan teburinsa akwai gilashin ido ɗaya da yake maƙalawa in zai duba cikin agogo, da ɗan hantsaki, da gwangwanayen madara cike da ƙusoshin da ba su kai ƙwayar gero ba. Taurin kai kuwa ba a magana. In Baba ya ce abu baƙi ne, ko nono ka kawo masa baƙi ne. Ya tsani waya kamar ya mutu, domin a cewarsa ita ta cire wa mutane agogo daga hannu.

Sai ga shi ƙanena, Auta, ya je ya koyi gyaran waya a ɓoye. Wata rana ya zo shago da 'yan kayan aikinsa a leda, ya ce a raba teburin biyu, rabi agogo rabi waya, ko kasuwa ta farfaɗo. Baba ya sa hannu ya share kayan suka zube ƙasa, a gaban mutane.

"Kwashe tarkacenka," in ji shi. "In ka fita, kada ka ƙara taka min ƙofa."

Da Mama tana da rai da kafin magariba an kashe wutar. Amma ba ta. Kyan ɗa ya gaji ubansa, Auta kuwa ya gaji taurin kan nan kaf bai rage ba. Ya tsince kayansa ɗaya bayan ɗaya, ya bar garin, ya sauya lamba.

Da ƙyar na samo sabuwar lambar a wajen wani abokinsa. Na kira sau ɗaya.

"Yaya, lafiyata ƙalau," ya ce. "Amma wallahi in kika sake kira, ko kika ba wa wani, wannan ma zan karya layin in yar."

Na san halin kayana, zai aikata. Na haɗiye.

Baba bai taɓa tambayata labarinsa ba. Sai dai ya rame, kuma in an buga ƙofa shi ke fara ɗaga kai. Wata ranar Asabar na tashi daga kantin maganin da nake aiki na biya ta shago, na ce masa, "Baba, ka san a manhajar hira ana iya ganin lokacin da mutum ya hau intanet na ƙarshe? Ba sai ka yi masa magana ba. Shi ma ba zai san ka duba ba."

"Ina ruwana?" ya ce, bai ko ɗago ba.

Na ajiye tsohuwar wayata a gefen gwangwanayen, na buɗe wajen lambar Auta. Babu hoto, sai wata inuwar mutum mai ruwan toka, don Auta ba ya nuna hotonsa ga wanda bai ajiye lambarsa ba. A ƙasa an rubuta: yau, goma da minti bakwai. Na yi kamar zan leƙa wajen mai labule. Da na waiwayo, Baba ya maƙala gilashinsa a ido, ya sunkuya kan wayar yadda yake sunkuyawa kan agogo mai tsada.

Tun daga ranar, mutumin da ya ce waya annoba ce ya koyi sayen data. Ya koyi ɗaga hannu sama a bakin ƙofa yana neman sabis. Bai taɓa duba komai a intanet ba sai wannan layi guda na rubutu. Daga cikinsa yake karanto rayuwar ɗansa gaba ɗaya.

"Malalacin naku bai tashi ba sai sha ɗaya," zai ce min, fuska a murtuke, amma muryar takan tona masa asiri. Ko kuma, "Yau tun rana bai leƙo ba. Da alama ya samu aiki mai yawa."

Haka muka yi shekara guda. Sai wata Laraba lokacin ya tsaya: huɗu da minti ashirin na yamma. Washegari yana nan. Bayan mako yana nan. Na ƙetare gargaɗinsa na kira, a kashe. Na je wajen abokin, ya ce shi ma rabonsa da jin Auta an daɗe. Ban san garin da yake ba balle in bi sawu. Baba ya daina cin abincin kirki. Ya kai wayar wajen masu gyara har sau biyu, wai ko ita ce ta lalace. Daga baya ma rubutun ya ɓace ɗungurungum.

Wata shida muna cikin wannan hali. Sannan wata safiya Baba ya faɗo kantinmu, takalmi ƙafa ɗaya nasa ƙafa ɗaya na wanka, yana miƙo min waya. Rubutun ya dawo. Yana kan layi, a wannan lokacin. Na rungume Baba a gaban masu sayen magani muka yi ta kuka.

"Ja'irin yaro," yake ta faɗi. "Ja'irin yaro."

Na so in kira a take, ya riƙe min hannu. "Kul! So kike ya sake gudu? Bar shi. Tunda yana numfashi ai shi ke nan."

A nan ne muka yi wautar, ni da nake ganin na waye da shi da bai san komai ba. Lokutan sun sauya. Auta da ba ya tashi sai rana ta take, yanzu biyar da kwata na asuba yana kan layi, tara na dare kuma ɗif. Maimakon mu yi tambaya, sai muka yi murna.

"Kin gani? Duniya ta koya masa hankali," in ji Baba. "Yaro ya zama mutum."

Wata goma sha ɗaya yana alfahari da wannan sammako. Har mai ƙwan fitila ya gaji da jin labarin.

Ana haka idon Baba ya fara hazo, hannun ma ya ƙi tsayawa. Rannan wata ƙusa ta suɓuce masa, ya yi rabin yini yana lalube a ƙasa bai gan ta ba. Da na zo da rana na tarar ya ture gwangwanayensa gefe guda, ya goge rabin teburin tas.

"Yaya ake yin wannan saƙon na murya?" ya tambaye ni.

Na nuna masa inda zai danna ya riƙe. Sau huɗu yana farawa yana saki. A na biyar ya juya min baya, ya fuskanci bango.

"Auta, ni ne. Babanka. To... na share maka rabin teburin. Ɓangaren taga, inda haske ya fi. Abin da na faɗa ranar nan, ban kyauta ba. Tsufa ne da tsoro, na ga sana'ata tana mutuwa a hannuna sai na huce a kanka. Ka yi haƙuri. Kullum ina ganin ka tashi da asuba, ina jin daɗi. Ka dawo gida, ɗana. Ko ba za ka zauna ba, ka zo in gan ka tun idon yana gani."

Saƙon ya tafi. Muka zuba wa wayar ido. 'Yan alamun nan biyu suka koma shuɗi, an saurara. Ba a yi minti uku ba wayar ta fara ƙara. Baba ya kasa dannawa, ni na amsa na sa a lasifika.

Muryar mace ce, babba, a bayanta ana jin hayaniyar yara kamar a makaranta.

"Baba, don Allah ka yi haƙuri," ta ce. "Ni malamar makaranta ce. Wata goma sha ɗaya ke nan da na sayi layin nan sabo a shago. Ka san in layi ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani kan sayar wa wani."

Baba ya dafa tebur.

"To mai shi fa, 'yata? Ko kin ji inda ya koma?"



"A makon farko wani ya kira," ta ce a hankali. "Ya ce tare suke gyaran waya da mai layin. Yana gwadawa ne ko lambar ta koma hannun danginsa. Ya ce zazzaɓi ne, kwana uku kawai. Sun nemi wani nasa ba su samu ba, wayarsa a kulle, shi kuma bai taɓa faɗa musu daga inda ya fito ba. Su suka yi masa sutura. Baba, wallahi da na san akwai mai dubawa..."

Na toshe bakina da mayafi. Baba bai yi salati da ƙarfi ba, bai faɗi ba. Leɓɓansa kawai ke motsi. Can ya jawo wayar kusa da bakinsa da hannu biyu.

"'Yata, kin saurari saƙon har ƙarshe?"

"Na saurara, Baba."

"Ban iya magana ba, ban saba ba. Ki faɗa min gaskiya don Allah. Da ke ce shi, da kin dawo?"

Matar ta fashe da kuka, har yaran da ke bayanta suka yi tsit.

"Da na dawo, Baba. Yau ɗin nan da na kamo hanya."

"To," in ji Baba. "To. Na gode."