Jar Gwaiduwa

Gwaiduwar ƙwan agwagwa ta faɗa cikin kwanon Suwaiba jajur kamar manja, ta tsaya cur ba ta fashe ba. Fadila, maƙwabciyar da ta shigo aron rariya, ta daɗe tana kallonta.

"Inna Suwaiba, wai mi kike ba agwagin nan?"

Suwaiba ta yi dariya ta nuna mata wata leda. Tun rasuwar mijinta agwagi ne abokan hirarta a gidan nan na Ƙofar Marusa, ko da yake mutanen unguwa ba su cika ƙaunar tsuntsun ba. Bazarar bara zafi ya lalata mata ƙwai, ɓawo ba ƙwari, gwaiduwa fara fat. Shi ne ɗan ƙanenta Sammani, mai sayar da abincin kaji a Babbar Kasuwa, ya kawo mata wani gari da ake cuɗawa da dusa. Ya ce busasshen tattasai ne da zogale da bitamin, yana kare jikin tsuntsu daga ɓarnar zafi. Kafin wata ya zagayo ƙwai ya yi nauyi, gwaiduwa ta koma ja, masu yin kek suka fara rububinsa.

Ranar da Fadila ta shigo ɗin nan, Suwaiba ta soya ƙwan ta ba Ummusalma, 'yar Fadila, don tana son yarinyar. Ba a jima ba zazzaɓi ya kwantar da ita. An kai ta asibiti, an yi allurai, amma sai ramewa take, tana firgita cikin barci tana kiran Inna Suwaiba.

Ba wanda ya ce wa Suwaiba uffan, kuma wannan ne ya fi tayar mata da hankali. Yara suka daina shigowa. Mai ruwa ya riƙa wuce ƙofarta kamar bai ji kira ba. A gidan suna, matar da ke kusa da ita ta janye jaririnta ta lulluɓe shi da mayafi, bakinta na motsi. Suwaiba a garin nan ta girma. Ta san yadda ake fara kiran mace mayya, ta kuma san inda abin yake ƙarewa. Tsoro ya kama ta sosai.

Ta mayar wa Sammani ledar garinsa.

"Gwaggo, in kin daina, ƙwan zai lalace kamar da," in ji shi.

"Ya lalace. Da ƙwai da mutuncina, wanne zan riƙe?"

Sannu a hankali jan ya dushe. Sai ta riƙa fasa ƙwai a tsakar gida, ƙofa a buɗe, don duk mai wucewa ya ga gwaiduwa irin ta kowa. A makon ne kuwa Ummusalma ta tashi zaune ta nemi tuwo. Da labari ya iso, Suwaiba ta yi hamdala har da hawaye.

Bayan la'asar sai ga Fadila. Ba ta shigo ba, daga bakin zaure ta durƙusa. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da gajiya da mai jiki.

"Jiki ya yi sauƙi, Inna."

"Madalla. Allah ya ƙara lafiya. Shigo mana, ɗiyata."

Fadila ba ta motsa ba. Idonta na ƙasa ta ce:

"Mun gode da kika sake mana ita. Don girman Allah, Inna, kada ki ƙara waiwayarta."

A bayanta, cikin lungu, wasu maza da suka fito daga masallaci sun tsaya suna saurare.