Wuƙar Baba Kuku

"Mu yi musaya," in ji Baba Kuku, ya ajiye wuƙarsa a kan keken ɗinkina. "Ki ba ni waccan taki mai haƙora."

Na tsayar da keke na dube shi. Maƙwabcina ne ƙofa da ƙofa, shekara talatin ya yi yana girki a otal kafin ya ajiye aiki. Wannan wuƙar ko 'yarsa ba ta isa ta taɓa ba. Kullum da safe sai ya wasa ta a dutse, ya gwada kaifin a gashin hannunsa. Tawa kuwa mai baki irin na zarto, babu cin mutuncin da bai yi mata ba. Cewa yake wuƙar ragwaye ce, yaga take yi ba yanka ba.

"Baba, lafiya? Ba kai ka ce in kai wa kafinta ita ba?"

"Na canza ra'ayi. Laifi ne?"

Ni dai ba na yarda da alherin da ban san dalilinsa ba. Yana fita da tawa na juya tasa gaba da baya ina neman tsaga, na girgiza ƙotar ko ta yi sako-sako. Lafiyarta lau. Wannan ya ƙara ɗaure min kai.

Sai na sa masa ido. Ƙarar dutse ta ɗauke da safe. Hannun damansa kuma kullum yana cikin aljihu. Rannan na kai masa rigar da na gyara, da gangan na yi sallama ciki-ciki na faɗa kicin. Na same shi ya danne tumatir da tafin hagu, yana goga wuƙata a kai kamar mai yankan katako. Hannun daman sai karkarwa yake.

"To, kin gani, hankalinki ya kwanta?" ya ce, bai juyo ba. "Waccan tana son hannu tsayayye, ga wasawa kullum. Wannan haƙoranta ke kamawa, nawa ja ne kawai."

"Baba, asibiti fa? Bari in kira 'yarka."

"Kul! Tana ji za ta kwashe ni, ta zaunar da ni gaban talabijin, a riƙa ba ni abinci a baki. A kicin ɗina nake son in ƙare. Ki rufa min asiri, 'yar nan."

Tausayinsa ya kama ni, na rufa. Sau biyu 'yar tana tsayawa a ƙofata tana tambaya, "Anti, yaya kike ganin jikin Baba? Kamar ya rame."

"Garau yake," na ce da ita, ko ƙiftawa ban yi ba.

Bayan wata biyu, wata Talata da hantsi, ƙaurin albasa ya cika min ɗaki. Baba Kuku bai taɓa ƙona girki ba. Na ruga na tarar da shi zaune a ƙasa, ya jingina da kabad, rai ya yi halinsa. Ni na kashe wutar.

Da aka share makoki 'yar ta shigo yi min godiya, idonta ya sauka a kan wuƙar a kwandon kwanukana.

"Wannan ai ta Baba ce. Ko ni ba ya bari in taɓa. Yaya aka yi ta zo nan?"

Kallon ɓarauniya ta yi min. In na faɗi gaskiya, za ta san wata biyu ina kallon ubanta yana ƙarewa ina ce mata garau. Tsoro ya hana ni.

"Aro ya ba ni," na ce.

"Aro," ta maimaita. Ta naɗe ta a takarda ta fita, ko sai an jima babu.

Washegari danginsa suka kwashe ɗakinsa, suka tara tarkacen zubarwa a kwali a bakin ƙofa. Wuƙata tana sama. Ashe Baba ya nannaɗe ƙotar da tsumma ta yi kauri yadda yatsunsa za su iya kamawa, ga ƙwayar tumatir ɗaya ta bushe a tsakanin haƙoran.