Babu Mai Tsaya Mini a Baya

Shekara tara Doguwa tana tsaya mini a baya. Wanda bai taɓa ɗaga ƙarfe ba ba zai gane nauyin wannan magana ba, don haka bari in bayyana. Idan mace ta saɓa sandar ƙarfe a kafaɗa, an jera mata fayafan ƙarfe masu nauyi hagu da dama, za ta tsuguna ta miƙe, to dole wata ta tsaya dab da bayanta, hannuwa a buɗe a ƙarƙashin hammatarta. Ba ta taɓa ta, ba ta taɓa sandar. Ido kawai take sa wa gwiwa da wuya, in ta ga ƙafa ta fara rawa sai ta tallafo. A shekara tara sau huɗu kacal ta tallafo ni, amma ban taɓa shiga ƙarƙashin sanda ba sai na ji numfashinta a ƙeyata.

Ita tana kirana Guntuwa, ni ina kiranta Doguwa, kuma babu wadda aka yi wa ƙarya. Gidan motsa jikinmu wani dogon ɗaki ne a saman shagon tayoyi, da madubi mai tsaga a kusurwa da fanka uku, ɗaya ta mutu tun ina budurwa. Lokacin mata daga ƙarfe shida na safe ne zuwa takwas. In mun tashi, ni in wuce shagon maganin da nake aiki, ita ta wuce shagonta na wanki da guga.

Shekara biyu da suka wuce Doguwa ta yi ɓarin cikin wata uku, bayan ta shekara shida da aure tana jira. Kowa ya ce ƙarfe ne. Surukarta ta faɗa, yayyenta suka faɗa, har matar da ke share mana ɗaki sai da ta tofa nata. Likitanta ya ce ba shi ba ne, ni ma na faɗa mata har bakina ya gaji. Duk da haka daga ranar ba ta ƙara ɗaga ko kilo biyar ba. Tana zuwa dai kowace safiya, ta yi 'yar tafiyarta a kan injin gudu, sannan ta zo ta tsaya mini. Ni da wautata na ɗauka tsoro ne, zai wuce.

Da na samu ciki, mutum biyu na faɗa wa: maigidana da likita. Maigidan ma ta waya, don kamfanin gina hanya yake wa aiki, sai ya yi sati shida bai leƙo gida ba. Doguwa kuwa na kasa. Sau uku ina shirya maganar a kan matakala, in na hau na ga fuskarta sai in ce mata fankar nan dai har yanzu ba a gyara ba.

Likitar wata 'yar dattijuwa ce mai tabarau a kan hanci, ba ta da ɓata lokaci. Na shiga da shirin faɗa, don na tabbata cewa za ta yi in je in kwanta wata tara kamar ƙwai a cikin tire. Sai ta tambaye ni shekara nawa nake ɗagawa, kilo nawa, sau nawa a sati. Ta auna ni, ta duba hoton cikin, ta ajiye biro.

"Jikin da ya saba shekara tara ba a tsayar da shi rana ɗaya," in ji ta. "Cikinki lafiya lau, ban ga abin da zai hana ki ba. Amma ki saurare ni da kyau. Ki rage nauyi, yanzu ba lokacin gwada ƙwanji ba ne. Kar ki riƙe numfashi in za ki miƙe. Ki sha ruwa, kar ki bari zafi ya dafa ki. In ciki ya kai wata huɗu ki daina kwanciya rigingine a benci, ki kuma rabu da wannan bel ɗin da kuke ɗaurewa. In kina aiki kika kasa faɗin magana guda cikakkiya ba tare da haki ba, kin wuce iyaka. Jini, jiri, ciwon mara ko zubar ruwa, ki ajiye komai ki zo nan. Kuma kar ki kuskura ki shiga ƙarƙashin sanda babu mutum a bayanki."

"Ina da mutum," na ce mata, har da 'yar fankama.

Haka na yi wata uku ina yi wa Doguwa ƙarya. Na rage fayafai na ce gwiwa ce ke damuna. Laulayi ya tasa ni gaba na ce abincin jiya ne. Ita kuwa ta samu abin tsokana.

"Guntuwa, tsufa ne ya zo ba sallama? Wannan ai ƙanwata ma za ta ɗaga da hannu ɗaya. Ƙara biyar!"

In yi dariya in ce gobe. Wata rana kuma in ƙara biyu da rabi don dai ta rufe mini baki.

Bel ne ya tona ni. Ita ke ɗaure mini shi kullum, ta ja har sai na ce wayyo, ta ce raguwa. Ran nan na bar shi a jaka da gangan, sai ta zaro shi da kanta ta zagayo da shi ƙuguna. Tana shirin ja na riƙe hannunta.

"Kar ki ja."

Ta dubi hannuna, ta dubi cikina, ta daɗe tana dubawa.

"Wata nawa?"

"Huɗu."

"Huɗu," ta maimaita a hankali. Ta naɗe bel ɗin ta mayar cikin jakata. "Allah ya raba lafiya."

Ta tsaya mini a ranar har na gama, ba ta tsokane ni ba ko sau ɗaya. Washegari ba ta zo ba, jibi ma haka. Na kira ta ce aiki ya yi yawa, wani otal ya kawo zannuwan gado. Na sake kira bayan sati, ba ta ɗauka ba, sai saƙo ya shigo: ya jiki?

Na nemi wata ta tsaya mini. Anti Koci, mai kula da wurin, ta nuna mini kafaɗarta da aka yi wa aiki bara, ta ce ko na faɗi ba za ta iya tare ni ba, sai dai mu faɗi tare. Sauran matan kuwa da suka ji labarin cikin sai suka koma kallona kamar na shigo da tukunyar gas mai yoyo. In na doshi wuri a matsa mini. Wata mai yawan hawa keken motsa jiki, wadda a wata shida ban ga ta yi zufa ba, ta tare ni a bakin ƙofa.

"Baiwar Allah, ki ji tausayin abin da ke cikinki mana."

"Hajiya, likitata ta san da zuwana."

"Likitocin yanzu," ta ce, ta taɓe baki.

Na so in tambaye ta a wace makaranta ta yi nata karatun likitancin, amma na haɗiye. Abin haushin, da Doguwa na nan da ita za ta ba ta amsa, kuma da mun yi sati muna dariyar abin.

Sai na ɗaga sandunan tsaro da ke gefen inda ake ɗora sandar, yadda in na kasa miƙewa za su tare nauyin, na rage fayafai har abin ya zama abin kunya, na ci gaba ni kaɗai. Na san ba haka likita ta ce ba. Ga kuma gwajin numfashin nan, a ce sai mutum ya yi magana yana aiki, ni kuwa ba ni da abokin magana. Sai na koma karanto jerin kayan kantar shagonmu da ƙarfi: maganin tari na yara yana layi na biyu, na manya yana sama, auduga da bandeji suna ƙasa kusa da ƙofa. Ina tsugunawa ina miƙewa ina jera magunguna, mata suna satar kallona ta madubi. Nan suka tabbatar cikin ya taɓa mini kai.

Kaɗaici ya dame ni, ba zan ɓoye ba. Da yamma in dawo gida in dafa abincin mutum ɗaya, in ci a tsaye a kicin don zama a tebur ya fi nuna babu kowa. Maigida ya kira daga inda suke, ƙarar injuna a bayansa, ya ce, "Duk abin da likita ta ce, shi za ki yi," kafin in fara ba shi labarin Doguwa layin ya yanke. Ranar da yaron ya fara motsi sosai ina zaune a benci ne ina shan ruwa. Na waiwaya da bakina a buɗe zan ce Doguwa zo ki ji, sai na ga Anti Koci can nesa tana goge madubi.

A awon wata shida likita ta ce komai daidai, nauyin yaro, bugun zuciya, jinina. Har ta yaba mini. Tana cikin rubutu ta tambaya, ba ta ko ɗago kai ba, "Mai tsaya miki tana nan dai ko?"

"Ba ta zuwa," na ce. Ta ɗago, ta dube ni ta saman tabarau.

"Tun yaushe?"

"Wata biyu."

"To ki ji. Ciki ya turo gaba, tsayuwarki ta canja, gaɓoɓinki sun saki. Ko ki dawo da ita, ko ki bar sandar nan ki koma ƙananan ƙarafan hannu. Ba cikin ne ya hana ki ba, rashin mutum ne."

A hanya na gama tsara komai. Na ce ai tsoro ne ke damun Doguwa, tana ganin in wani abu ya same ni a hannunta ne. Maganin tsoro kuwa hujja. Na sa likita ta rubuta mini takarda, na haɗa da hoton cikin da katin awo, na nufi shagonta da azahar ina jin kaina kamar lauya.

Shagon ya cika da tururi da ƙanshin sitati. Riguna a rataye cikin leda, layi-layi har rufi. Tana tsaye a bakin tebur tana guge wata farar riga, ta rame kaɗan. Da ta gan ni ta jawo mini kujera, ta juyo mini da fanka.

"Kin ga yadda kika zama? Guntuwa ta koma tulu."

Na ji daɗin tsokanar har na kusa kuka. Nan da nan na baje takardun a kan teburin guga.

"Duba nan. Wata shida, ban fasa ko sati ɗaya ba. Ga nauyinsa, ga bugun zuciyarsa, likita ta ce ko a littafi sai haka. Ƙarfe bai yi masa komai ba, Doguwa. Ba ya yin komai in an bi ƙa'ida. Tun shekara biyu nake faɗa miki, yau ga shi a rubuce. Ki dawo, babu abin tsoro."

Ta jingine dutsen gugar a tsaye. Ta ɗauki hoton da yatsu biyu, ta gefe, don kar ta ɓata shi. Ta daɗe tana kallo.

"Na sani," ta ce. "Tun ranar bel ɗin na sani."

"To me ya hana ki zuwa? Don na ɓoye miki ne? Na yi kuskure, ki yafe ni."

"Wannan ya yi mini zafi, amma ya wuce." Ta ajiye hoton. "Guntuwa, kin san me ya sa na ajiye ƙarfe? Da suka ce shi ne, kuka na yi, amma daga baya sai na ji sanyi. Na ce in shi ne ai da sauƙi, sai in bar shi, wani cikin ya zo ya zauna. Shekara biyu ina tafiya a kan injin nan kamar tsohuwa, ina kallonki kina ɗagawa, hannuna yana ƙaiƙayi, ina cewa ba komai, akwai abin da nake jira. Kowane wata ina jira." Ta nuna takardun da haɓa. "Ke ba ki ajiye ba ko sati ɗaya. Yanzu kin kawo mini a rubuce cewa ba ƙarfe ba ne. To in ba shi ba ne, me zan bari kuma? Me ya rage in bari?"

Ni da nake ba mutane magani kullum, na ɗauko takarda na tako har shagonta na ƙwace mata ɗan abin da take riƙe da shi, ina murna. Na fara tattara takardun, katin awon ya faɗi ƙasa. Ta riga ni sunkuyawa ta ɗauko, ta kaɗe shi a jikin zanenta ta miƙo mini.

"Kullum ina yi miki addu'a, wallahi," ta ce. "Ki bi abin da likita ta faɗa, ki sha ruwa, kar ki yi taurin kan nan naki. Amma in tsaya a bayanki ina kallon cikin nan yana sauka yana tashi lafiya lau, ba zan iya ba. Na gwada a raina, ba zan iya ba."

"Ko bayan na haihu?"

Ta zare filogin dutsen gugar, ta riƙe mini jaka, ta taka da ni har bakin titi, ta tsaya sai da na samu mota. Da zan shiga ta miƙo jakar da hannu biyu.

"Mun gode da ziyara," ta ce. "A gaida maigida in ya kira."

A shekara tara ba ta taɓa yi mini rakiya ba, ba ta taɓa gode mini don na zo ba. Baƙo ake yi wa haka.