Zangarniyar Aro

"Ka leƙa gonar?" Malam Is'haƙa ya tambaye ni tun ban gama cire takalmi ba.

'Yarsa Fadima tana bakin ƙofa riƙe da kwanon kunu, ta kafe ni da ido. Na ce na leƙa, gero ya yi kai, sai godiya.

Ban leƙa ba. Gonar tana hanyar Turba, kuma tun farkon damina 'yan bindiga suka hana kowa taka wajen, ko shuka ba a yi ba. Malam kuwa watansa biyar a kwance, ido ya tafi. Fadima ta roƙe ni kada ya ji, in riƙa ce masa gona ta yi kyau. Ni ta zaɓa duk cikin maƙwabta, na kuma san dalili: shekara ashirin ina dillancin awaki a kasuwar Isa, ina rantsuwa tsohuwar akuya haihuwarta ɗaya.

Kullum sai na ƙara gishiri. Na saukar da ruwa a gonar, na yi noman maimai, na kori tsuntsaye. Ranar Laraba neman suna ya ja ni, na karyo zangarniya a gonar ƙanena ta bayan gari, na sa masa a hannu.

Ya shafa ta a hankali daga gindi har kai, sannan ya aiki Fadima ɗebo ruwa.

"Hafizu, irin gidanmu gashi gare shi, tun kakana. Wagga sumul take kamar kanka."

Ya kama ni dumu-dumu. Ban taɓa ganin haka ba.

Ya ce ya daɗe da sani. Damin irin yana nan rataye bisa kansa, ba wanda ya sauke, yana jin ɓeraye a ciki.

"Kada ka faɗa mata. Tana jin daɗi in na yi murna. Gobe ka ce an fara girbi."

Washegari na ce an fara girbi. Ya yi hamdala da ƙarfi yadda za ta ji daga tsakar gida. Ranar Juma'a da hantsi ya cika.

Bayan sadakar uku Fadima ta same ni a zaure. "Kawu, Allah shi saka. Baba ya tafi da farin cikinai."

Na ce amin.

Ta ba ni abin da ɓeraye suka rage na irin, da zangarniyar da ta tsinta ƙarƙashin matashinsa. Suna nan rataye a zaurena, ita kaɗai sumul cikin masu gashi.