Kujerar Gaba

Tun da motar ta fara rage gudu a bakin tashar Bodinga Suwaiba ta san akwai magana. Direba ya leƙa ta taga yana gaida wata tsohuwa da ke tsaye da ɗan ƙullin kaya, har da sunkuyawa a kan sitiyari. A baya mutum huɗu ne, an cusa su kamar buhunan albasa. Wuri ɗaya ya rage, kuma Suwaiba ce zaune a kansa.

Wurin nan fa mijinta Abdulƙadir ne ya kama mata shi tun daga Sakkwato, kujerar gaba ita kaɗai, ya ja wa direba kunne cewa ba ta da lafiya. Bai faɗi ciwon ba. Shekara biyu da suka wuce ciwon daji ya sa aka cire mata nonon dama, ta yi ta cusa tsumma a rigar mama tana zuwa makarantar da take koyarwa a Shagari, ba wanda ya sani. Yau kwana goma sha ɗaya da likita ya saka mata na roba a gurbin. Da zai sallame ta sai da ya maimaita mata sau biyu: ban da ɗaukar nauyi, ban da ɗaga hannu, ta sa filo tsakanin ƙirjinta da bel, kuma kada ta yarda a matse ta. In ta ga jini ko ruwa daga ɗinkin, ta juyo ko ina ta kai.

Direba ya ce wa Suwaiba ta yi haƙuri, Inna Shatu ce, ƙawar mahaifiyarsa, ba ya iya wuce ta a titi. Wace 'yar mutunci za ta bar tsohuwa a rana don tana son zama ita kaɗai? Sai dai in za ta faɗi dalili, ga kuma Laraba mai sayar da awara a ƙofar makarantarsu zaune a baya, matar da in ta ji magana da hantsi, kafin azahar ta isa Kajiji. Suwaiba har ta ji yadda za a riƙa faɗa: Malama mai nonon roba. Ta kwance bel ɗin, ta matsa wajen giya.

Tsohuwar ta shigo da ƙyar, ta zauna rabi a kujera rabi a jikin Suwaiba, daidai gefen dama. Direba ya zagayo ya danna ƙofa da ƙugunsa har ta rufu. Wani zafi ya tsarga wa Suwaiba daga hammata zuwa wuya, ta cije leɓe. Filon da ta rungume ya zame ƙasa, ba halin sunkuyawa.

Daga nan ta fara ƙirga ramuka. Ashe titin da ta bi shekara da shekaru haka yake? Duk ramin da suka faɗa, kafaɗar tsohuwar sai ta daki ƙirjinta. Direban kuwa, Allah ya shirye shi, ba ya taka birki sai ya riga ya shiga. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda bai kama ta ba ko ranar da aka tura ta ɗakin tiyata. Ta riƙa ganin ɗinkin yana ɓallewa ɗaya bayan ɗaya, abin ya goce ya koma hammata, a sake yanka ta, a cire, ta koma tsumma. Tana ta salati a zuci, Laraba na ta zuba a baya kan tsadar waken suya.

Sun kusa Lambara ta ji danshi.

Ta sa hannun hagu a hankali ta taɓa hijabinta ta gefen dama. A jiƙe yake, yana danƙo. Ta duba yatsunta, ruwa ne ruwan ɗorawa da jirwayen jini. Ta ce wa direba ya tsaya, fitsari take ji, da wata murya da ita kanta ba ta gane ba.

Ta zaga bayan wata bishiyar dogon yaro. Ta ɗaga hijabi da hannu ɗaya, ta zuge rigar, ta leƙa tana jiran ganin abin da take gudu. Bandejin fari tas. Ta shafa, ta sake shafawa, a bushe yake. Ruwan daga waje ya jiƙa hijabin. Sai a lokacin ta kula da warin da ke hancinta tun Bodinga, wanda ta ɗauka na motar ne. Ta san shi. Ta kwana da shi sati uku a ɗakin mata masu irin ciwonta, waɗanda suka zo a makare.

Da ta dawo, tsohuwar na zaune a bakin kujera, ƙofa a buɗe, ta dafe ƙirjinta gefen hagu da mayafi. Mayafin ya yi duhu a wurin. Suwaiba ta durƙusa a gabanta ta tambaya a hankali tun yaushe. Inna Shatu ta kawar da kai, ta ce ɗan maruru ne, tun damanar bara. Dandin Mahe za ta, wajen wani mai magani da aka ce yana ɗaure irinsa da ganye. 'Ya'yanta ma ba su sani ba. Suwaiba ta ce asibiti fa?

"Asibiti yankewa sukai, ɗiyata," in ji tsohuwar. "Wadda anka yanke ma nono, mi ar rage mata? Gara in mutu da abina."

Direba ya danna hon. Laraba ta zuro kai ta taga tana tambayar lafiya, kunnuwanta a buɗe. Suwaiba ta dube ta, ta dubi tsohuwar. Ta kama hannun Inna Shatu, busasshe mai sanyi, ta shigar da shi ƙarƙashin hijabinta, ta ɗora a kan bandejin a hankali.

"Ni an yanke mini, Inna. Shekara biyu ke nan. Wannan da kike ji na roba ne, likita ya sa mini. Ga ni kuma, gobe ina aji."

Ba ta rage murya ba. Surutun bayan mota ya ɗauke ɗif. Tsohuwar tana dai kallon fuskar Suwaiba, kuma ba ta janye hannunta ba.

Suwaiba ta miƙe, ta ɗauko filonta daga ƙasan mota ta kakkaɓe, ta tambayi direba ƙarfe nawa yake komawa Sakkwato da safe. Ya ce bakwai.

"To ajin ya jira. Ka ajiye mana wuri, asibiti za mu," ta ce. "Ni a baya, bakin ƙofa. Gaba ta Inna ce, ita kaɗai."