Allahn da Sulle Yake Kira

Kande tana zaune a inuwar rumbu tana ɓare gyaɗa, sai ta ji an kashe babur a ƙofar gida. Bitrus ne, ɗan yayanta Sulle, daga Gidan Tambai, wata 'yar unguwar Maguzawa da ke bayan Jajaye. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta tambayi mutanen gida da damina, yana amsawa yana kallon ƙasa. Aka kawo masa ruwa, bai sha ba.

"Goggo, jikin Baba ne," in ji shi. "An sallamo shi daga asibiti, sun ce a koma gida. Ke yake ta ambata."

Kande ta ture faifan gyaɗar gefe, ta aika a kira mata ɗanta Malam.

Ita da Sulle su kaɗai suka rage a ɗakinsu. Ubansu Tambai Bamaguje ne, a kan al'adar iyayensa ya rayu, a kanta ya mutu. Uwarsu ta rasu Kande ba ta daɗe da fara tafiya ba, Sulle kuwa ya fara riƙe fartanya. Shi ya goya ta zuwa gona, shi yake tauna mata gyaɗa ya sa mata a baki. Da ta girma ta auri Mahmudu, wani mai awon hatsi daga Kurugu, ta musulunta ta bi shi. Bayan wasu shekaru aka gina coci a Gidan Tambai, Sulle ya shiga, shi da matarsa Turai. Zumunci bai yanke ba. Duk Sallah Sulle yakan zo Kurugu da damin dawa a bayan keke, duk Kirsimeti kuma yakan nemo Musulmi ya yanka masa akuya, don ƙanwarsa ta iya ci. Abu ɗaya ne ya tsaya wa Kande a rai tun tana amarya har ta yi furfura, tana son yayanta ya musulunta. Ta sha yi masa maganar, shi kuwa sai ya yi dariya ya tambaye ta ya amfanin gonarsu.

Malam Muttaka shi ne ɗanta na fari, shi ya sa ba ta faɗar sunansa. Yana da makarantar allo a Kurugu, mutum ne mai sanyin magana, ba ya faɗar abin da bai karanta ba. Ya bar wa babban almajirinsa makaranta, suka kama hanya, Bitrus ya ɗauki Kande, shi yana binsu a nasa babur. Ƙarshen damina ne, hanya duk taɓo, a wasu wuraren sai an sauka an tura. Sai bayan azahar suka isa.

Sulle yana kwance a kan katifa a ɗakin Turai. Mutumin da ake kira zuwa gayya saboda ƙarfinsa ya koma kamar kara. Amma idonsa na nan, bakinsa ma na nan.

"Ka ga 'yar Kurugu," ya ce. "Sai da aka ce zan mutu kika zo."

"Yaya, bar wannan magana. Ya jikin?"

"Jiki ya gama aikinsa. Malam, matso kusa, ba na cizo."

Muttaka ya durƙusa ya gaida kawunsa. Turai ta kawo musu fura, ta koma bakin ƙofa ta zauna. Aka ɗan taɓa hira, ta gyaɗar bana da tsadar taki. Kande tana ta murza bakin mayafinta. Can ta kasa daurewa.

"Yaya, ga Malam na zo da shi. Kalma ce ƙarama. Ka faɗe ta ko hankalina ya kwanta."

Turai ta ɗago kai. Sulle ya daɗe yana kallon rufin ɗaki.

"Kande, kin tuna shekarar da ruwa ya ɗauke, dawa ta fara ƙonewa? Ba za ki tuna ba, kina ƙarama. Baba ya kai baƙin bunsuru gindin tsamiya ya yanka. Ina tsaye ina riƙe da ƙwarya. Da ya gama abin da zai yi da iskokinsa, sai ya ɗaga kai sama ya ce, Allah ka ba mu ruwa. Da kunnena na ji. To ke kin tafi Kurugu kina cewa Allah. Ni na shiga coci, na tarar ana cewa Allah. Malam, kai ka yi karatu. Su nawa ne?"

"Ɗaya ne, Kawu."

"To wanda nake kira, shi ne naka ko wani ne?"

Muttaka ya gyara zama. Ya sha amsa tambayoyi a zaure, na gado da na aure da na tsarki, amma bai taɓa amsa wadda mai ita yake kwance haka ba.

"Wanda ya halicce ka shi ya halicce ni, Kawu, babu wani. Kuma abin da muka karanta, asalin addini ɗaya ne tun daga Annabi Adamu, annabawa duk saƙo ɗaya suka kawo. Daga baya ne hanyoyi suka rabu. Akwai abin da kuke faɗa a kansa wanda mu ba ma faɗa. A nan muka saɓa, kuma saɓanin ba ƙarami ba ne. Ba zan ɓoye maka ba."

"Fasto ma haka ya ce, sai dai shi ku ya ce kun saki hanya." Sulle ya so ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Turai ta taso ta tallafe shi ta ba shi ruwa. Da ya lafa ya ci gaba, muryarsa ta yi ƙasa. "Ni ban yi karatu ba. Abin da na sani, da 'yata Rahila ta rasu wurin haihuwa na shiga gona na yi ta kiran sunan nan har na samu sauƙi a ƙirjina. Wani ya ji ni ranar. Shi nake bi. In na bar hanyar da na same shi a kai yau, don tsoro ko don in faranta miki, Kande, na yi masa ƙarya."

Kande ta fashe da kuka. Ya miƙo hannu, ta kama.

Bayan la'asar numfashinsa ya sauya. Turai da Bitrus suka durƙusa ta gefe ɗaya suna addu'arsu. Kande tana ɗaya gefen, ta juyo a gigice.

"Malam, laƙƙana masa! Don girman Allah laƙƙana masa!"

"Kande," in ji Turai, hawaye na zuba, "kin ji abin da ya ce da bakinsa. Ki bar shi ya tafi da abinsa."

Muttaka ya matso, ya dafa kafaɗar uwarsa. Bai laƙƙana ba, don mutumin ya riga ya ba da amsarsa yana cikin hankalinsa. Leɓen Sulle yana motsi. Duk suka kasa kunne. Allah yake cewa, Allah, Allah, ba ƙari. A haka ya cika.

Mata suka cika gidan da kuka. Muttaka ya fita bayan danga ya shimfiɗa rawaninsa ya yi sallah. Yana sallamewa ya ga uwarsa tsaye tana jiransa. Ta zauna a ƙasa kusa da shi, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Malam, ka ji abin da ya cika da shi."

"Na ji, Inna."

"To zan iya cewa Allah ya jiƙansa?"

Ya san tambayar tana zuwa, ya kuma san amsar da ke cikin littattafansa. Ya duba ko akwai wata kafa da zai bi ya kauce, bai samu ba.

"Inna, abin da aka karantar da mu, ba a nema wa wanda ya rasu a wajen Musulunci gafara. Za ki iya yin kuka, za ki iya zaman makoki, ki riƙe iyalinsa. Makomarsa kuwa tana hannun Allah, ba ni da ilimin abin da ke tsakaninsu, ba wanda yake da shi. Amma addu'ar nan, ban sami inda aka ba da izininta ba."

Ta dube shi kamar baƙo.

"Mutumin da ya goya ni. Da ba don shi ba da ban rayu na haife ka ba. Kullum ina yi wa mutanen da ban taɓa gani ba addu'a, Musulmin gabas da yamma. Shi kaɗai ne bakina ba zai faɗa ba? Da uwata? Da ubana?"

"Inna, ki yi haƙuri."

"Ba da kai nake faɗa ba," ta ce. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta koma cikin mata.

Washegari da hantsi aka tafi haƙa kabari. Samarin unguwar yawancinsu suna Kano da Zariya wurin nema, waɗanda suka rage tsofaffi ne, ƙasar wurin kuma marmara ce. Muttaka ya ga Bitrus yana haƙa shi da wasu dattawa biyu, gumi ya jiƙe su. Ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a reshe, ya karɓi diga. Da aka ɗauko gawa daga coci ana waƙoƙi, ya koma gindin wata ɗorawa ya tsaya daga nesa har aka gama. Daga nan yana hango uwarsa a bayan mata, ta rufe fuska da mayafi. Bai san abin da take faɗa a ciki ba.

Kande ta ƙi binsa gida. Ta ce za ta zauna da Turai har a cire gyaɗar mamacin. Ɗaki ɗaya suke kwana. In lokacin sallah ya yi Turai ce take ɗebo mata ruwan alwala, ran Lahadi kuma Kande ta tsare gida ta dafa abinci kafin a taso daga coci. Ba su taɓa tayar da maganar abin da ya faru a bakin katifar nan ba.

A Kurugu magana ta riga Muttaka isowa. An ce Malam ya haƙa kabarin Kirista. Wani maƙwabci ya tare shi a ƙofar masallaci, Muttaka ya ce masa, "Kawuna ne," ya wuce. Amma abin da ya hana shi sukuni ba surutun mutane ba ne. Ranar kasuwa ya hau babur ya tafi Karaye wurin Malam Badaruddeen, tsohon da ya karantar da shi, wanda yanzu ido ya tafi. Ya kwashe labarin duka ya faɗa masa.

"Amsar da ka bayar ita ce a littafi," in ji tsohon. "Da ni aka tambaya ita zan bayar."

"To me ya sa take ci mini rai, Malam?"

Tsohon ya ja carbinsa. "Kakata ta wajen uwa a kan al'adar Maguzawa ta mutu. Ita ta yaye ni. Yau shekaruna sun haura tamanin, ban daina tunaninta ba. Mu dai an ba mu iyaka, mun tsaya a kanta. Wanda ya yi su ya fi mu sanin su, kuma ba ya zalunci. Iyakar abin da nake da shi ke nan, Muttaka. In da ƙari da na ba ka."

Ya dawo da wannan, yana jiran uwarsa ta dawo ya faɗa mata. Da ta dawo bayan kaka, ta rame, maganarta ta ragu. Ya fara ba ta labarin zuwansa Karaye, ta saurara har ƙarshe, ta ce Allah ya saka wa Malam Badaruddeen da alheri, sannan ta tambaye shi ko an gyara rumbu. Sallarta ba ta ragu ba, sai ma ƙaruwa. Takan daɗe a kan buzu bayan ta sallame, hannuwa a sama. Amma ta daina kawo masa tambaya, ko ta azumi ko ta zakka, ita da a da komai ƙanƙantar abu sai ta ce a kira Malam.

Damina ta zagayo, zazzaɓi ya kwantar da ita, kwana kaɗan ta rasu da safe. Aka buga wa Bitrus waya, amma ruwan da aka kwana ana yi ya cika rafin da ke tsakaninsu, babur bai ƙetare ba sai da rana ta karkata. Kafin shi da Turai su iso an yi mata sallah an kai ta.

Turai ta shiga cikin gida ta zauna a ƙarshen tabarma, cikin matan da yawancinsu ba su san ta ba. Da Muttaka ya shigo ta yi masa gaisuwa, sannan ta ce tana so ta ga inda aka sa Kande. Matan da ke kusa suka dubi juna, don a garin mata ba sa shiga maƙabarta. Muttaka ya ce ta taso.

Ya bi da ita ta bayan gari, ta cikin gonar gero, tana tafe tana dogara sanda, har bakin shingen maƙabarta. Daga nan ya nuna mata sabuwar ƙasa ja a kusa da wata bishiyar kanya. Turai ta jingine sandarta, ta durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa da ƙyar, ta haɗa hannuwa ta sunkuyar da kai. Ta daɗe. Muttaka ya ja baya kaɗan ya tsaya yana jiranta. Da ta gama gwiwoyinta suka ƙi tashi, ya kama hannunta ya ɗaga ta, suka juyo gida a hankali.