Inci Biyu Kowane Gefe

Daren jiya ina sa kaina a matashi mafarki ya ɗauke ni, ya dire ni cikin motata a wani gari da ban taɓa zuwa ba, amma na san kowane lungunsa. Rana tsaka ce. Ana ruwa, sai dai daga ƙasa yake tsatsowa ya tafi sama, mutane kuwa sun riƙe lema a ƙarƙashin haɓa suna harkokinsu.

Motar tawa ce, farar a-kori-kura, kamar yadda na bar ta a ƙofar gida. Wata biyu ke nan da na cire mata tayoyin da ta zo da su na sa manya, masu inci talatin da uku. Na kuma sa Malam Barau bakanike ya ɗaura mata sifesa, wato faifan ƙarfen nan da ake cusawa tsakanin taya da ƙafar mota don tayar ta turo waje. Inci biyu kowane gefe. A ranar sai da ya ajiye sifana ya ce da ni, "Haladu, motar nan fa ba daji take shiga ba. Kasuwa ce da asibiti." Na ce ya dai ɗaura. Abin da nake so shi ne in na wuce majalisarmu a juyo a kalla.

A mafarkin an juyo. Har bishiyoyi sun juyo.

Zan je ne in ɗauko Gwaggo Tasalla in kai ta wurin likitan gwiwa. Ita ta raine ni tun ina shekara uku, bayan rasuwar mahaifiyata. Ina cikin tafiya sai malejin motar ya yi gyaran murya.

"Sittin ka ga na nuna ko?"

"E."

"Sittin da biyar kake yi. Tun da ka canja taya ban sake faɗin gaskiya ba. Da can ni mutumin kirki ne."

Na ba shi haƙuri. Na karya kwana, tayar gaba ta gogi madigadin da ke rufe samanta, ta kira sunana da na ubana da ƙarfi, har wani mai tsire ya amsa.

Sai ga ni zaune a benci cikin wani ofis, motar tana zaune kusa da ni ta ɗora taya ɗaya kan ɗaya. A jikin bango an rubuta: Ofishin Awon Faɗi. Awaki ne ke aiki a wurin. Duk takardar da suka buga wa hatimi sai su cinye ta, shi ya sa ofishin yake tsaf. Shugabansu wani bunsuru ne mai tabarau da biro uku a aljihu. Ya yafito ni da ƙaho.

"A jikin ƙofar motarka akwai 'yar takarda da ke faɗin lambar tayar da ta dace da ita. Ka karanta?"

"Na karanta, ranka ya daɗe."

"Me ta ce?"

"Ɗari biyu da sittin da biyar, saba'in, sha shida."

"Kai kuma me ka ce?"

"Na ce a ƙara."

Ya rubuta, ya ce a shigo da mai shaida. Wani tsohon boris, ƙarfen nan da taya ke juyawa a kansa, ya shigo yana ɗingishi, giris na zuba masa a kumatu. Na gane shi, na ƙafar gaba ne ta dama. Ya gaida kowa ban da ni.

"Shekara tara ina ɗaukar kayan bawan Allahn nan a kaina," ya ce. "Yanzu ya tura mini kayan can ƙarshen hannu, ya ce in riƙe a miƙe. Kuka kawai nake yi in an hau kwalta, shi kuma sai ya ƙara muryar rediyo."

Gaskiya ya faɗa. Na sunkuyar da kai ina duban takalmana, na ga su ma sun juya mini baya.

Bunsurun ya cire tabarau ya goge da gemunsa. "A garin nan faɗi ba ya fitowa daga banza. Duk incin da mutum ya ƙara wa motarsa, daga lungun wani aka yanko shi. Naka inci huɗun daga lungun wata Tasalla aka yanko." Ya buga hatimi, ya cinye hukuncin, ya ce a kira na gaba.

Sai ga ni cikin motar a bakin lungun Gwaggo. Dama tun da na sa sifesa motar ta daina shiga lungun nan, tayoyin na karce katangun mutane, sai dai in tsaya a titi Gwaggo ta dogaro sanda ta fito. Ba ta taɓa cewa uffan ba. Amma yau lungun ya tsuke, bai fi faɗin tabarma ba, ita kuma motar ta yi tsawo, ƙofarta ta kai daidai indararo. Ina ciki ina leƙowa ƙasa.

Na hango ta tana tahowa a karkace, kafaɗa ɗaya na gogar bango, da 'yar kujerar tsakar gida a kanta. Ta daɗe kafin ta iso. Ta ajiye kujerar gindin taya, ta taka, ta miƙo hannu. Ko rabin tayar ba ta kai ba. Maƙwabta suka fito da kujeru, da turmi, da kwandon wanki, aka jera wani kan wani. Ta hau, ta miƙo hannu. Motar ta ƙara tashi.

'Yan majalisarmu duka suna nan a tsallaken titi, da bencinsu da butar shayinsu. Suna kallo. Ba wanda ya yi dariya. Na yi ta jira wani ya yi, ko na samu wanda zan yi wa fushi, amma shiru.

Malam Barau ya ɓullo daga cikin kwata da jak a hammata, kayansa fes. Ya ɗaga kai. "Aikin minti arba'in ne, Haladu. Tsofaffin tayoyinka na nan a shago, kullum suna tambayarka."

Na buɗe baki da niyyar cewa bismillah. Abin da ya fito shi ne, "Sai dai gobe."

Wata maƙwabciya ta ce, "Kai kuwa ɗan nan ba ka da kunya?"

Gwaggo ta juyo daga kan turmin. "Ku ƙyale mini shi. Ba laifin motarsa ba ne, ƙafata ce ta gajarce."

Da ta zage ni da na ji sauƙi.

Ta sauko a hankali, ta ba maƙwabciyar sandarta. Ta kwance mayafi, ta duƙa, ta cicciɓi motar da ni a ciki, ta saɓa mu a baya, ta ɗaure mayafin a ƙirji yadda ake goyo. Tayoyin suka fito ta gefe da gefenta suna reto. Ta kama hanyar asibiti.

Ina jin ƙarar gwiwoyinta ta cikin kujerar da nake zaune, ƙas, ƙas, ƙas. Ruwan da ke tashi daga ƙasa ya jiƙa mata zani sharkaf. Duk inda muka wuce sai mutane su matsa su ba mu hanya.

"Sannu da goyo, Tasalla."

"Yauwa, sannunku."

"Yaron ya girma. Da nauyi ko?"

"Ba shi da nauyi, faɗi ne dai ya yi masa yawa."

Na nemi inda zan ɓoye fuskata. Na sauke makarin rana, madubin jikinsa ya dube ni ya girgiza kai. Na ce bari dai in yi magana. Na tattara duk ƙarfina zan ce, Gwaggo, don Allah sauke ni, ni zan goya ki. Sai hon ya fito daga bakina. Na sake, hon ya sake fitowa, mai tsawo. Gwaggo ta jijjiga mu, ta miƙo hannu baya ta bubbuga tayar.

"Yi shiru, Haladu, yi shiru. Mun kusa."

Sai na ji ƙurrr, ƙurrr, ƙurrr, kusa da kunnena. Na buɗe ido. Hansatu matata ce a tsakar gida tana kankare ƙanzon tuwo a tukunya, rana ta riga ta shigo har ƙafar gado. Na zabura ina lalubar makullin mota, don yau ce ranar kai Gwaggo asibiti.

"Kwanta abinka," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Gwaggo ta bugo tun da sassafe. Ta ce kar a tashe ka, ta samu adaidaita sahu da ya shigo mata har ƙofar gida."

Ta ci gaba da kankarar tukunyarta.